Ƙaramin fanni mai gidaje huɗu: yadda wata ɗalibar Yamai ta sake fasalin karatunta a Kebek

Lamarin da zan bayyana an warware mafi yawansa ne a cikin hutun damina guda, a wani gida na unguwar Bukoki a Yamai, ko da yake jami'ar da ake magana a kanta tana birnin Monreyal na lardin Kebek, a ƙasar Kanada. Ɗalibar ta zauna a ajina lokacin da nake koyar da tarihi da ilimin ƙasa a lise, kuma bayan ta ci bak sai mahaifinta, wanda fataucin albasar Galmi ne sana'arsa, ya ɗauki nauyin karatunta a waje. A watan Yuni ta dawo gida bayan ta kammala shekarar farko a sashen ilimin ƙasa, ta zo gaishe ni, a nan ne ta shaida mini cewa tana son ta rage ilimin ƙasan ta haɗa shi da wani ƙaramin fanni kan nazarin ci gaban ƙasashe, amma ba ta san ta inda za ta faro wa iyayenta maganar ba. Ba zan ambaci sunanta ko sunan jami'ar ba, domin abin da ya faru da ita zai iya faruwa da duk yaron da ya fita daga makarantunmu ya shiga irin wannan tsari.

Sai an san tsarin kafin a gane matsalar. A Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, da sauran jami'o'in ƙasarmu, ana bin tsarin lisans da mastar da dakta wanda ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, UEMOA, ta umurci ƙasashenta su ɗauka a shekarar 2007, inda lisans ke cin shekara 3, zango 6, kiredi 180 (kiredi shi ne ma'aunin nauyin darasi), kuma ɗalibi yakan shiga sashe ɗaya ya bi shi har ƙarshe. A jami'o'in Kebek masu koyarwa da Faransanci, digirin farko galibi kiredi 90 ne a shekara 3, darasi yawanci kiredi 3 ne, wato kimanin awa 45 ta aji a cikin mako 15, kuma mai cikakken karatu yakan ɗauki darasi 5 a zangon kaka da 5 a zangon hunturu. Wannan digiri shi suke kira baccalauréat, abin da ya sa Alhaji, mahaifinta, ya daɗe yana tambaya a kan me za a biya miliyoyin sefa yarinya ta sake cin bak ɗin da ta riga ta ci a Yamai. Ana iya yin kiredi 90 ɗin duka a fanni ɗaya, ana kuma iya raba su biyu: kiredi 60 a babban fanni, wanda suke ce wa majeure, da kiredi 30 a ƙaramin fanni, wato mineure. Ɗalibar tamu tana kan hanya ta farko, tana so ta koma ta biyu.

Dalilinta ba daga littafi ya fito ba. Asalin gidansu daga wajen Badagishiri ne a cikin Adar, yankin da aikin tassa ya shahara tun ƙarshen shekarun 1980, lokacin da wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a kan faƙo, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki, gero ya fito a inda da ko ciyawa ba ta tsira. Da abin ya karɓu, faƙon da ba wanda ya damu da shi ya zama abin saye da sayarwa. A cikin danginta akwai wata gona da aka ba wani mutum aro tun zamanin kakanta, ya yi shekaru yana haƙa tassa yana kai taki a kan jaki har ƙasar ta farfaɗo, sannan magada suka ce a mayar musu da abinsu, rigimar ta kai gaban maigari. A darasin zanen taswira an koya mata yadda ake gane farfaɗowar ƙasa a hoton tauraron ɗan adam, amma hoton ba ya nuna wanda ya gaji gona, da wanda ya are ta, da wanda ya karɓe ta jingina, balle abin da dokar karkara ta 1993 da kwamitocin kula da filaye suka tanada a kan irin wannan gardama. Darasi guda na gabatarwa ga ilimin al'adun ɗan adam da ta ɗauka a matsayin zaɓi ne ya nuna mata cewa waɗannan tambayoyin ma akwai masu nazarinsu a jami'a, sai dai a wasu benaye daban.

Ƙaramin fannin da ta zaɓa ba shi da sashe na kansa, kuma wannan shi ne tushen kusan duk wahalar da ta biyo baya. Darussansa an tattaro su ne daga sassa huɗu, na ilimin al'adu, da na tattalin arziki, da na kimiyyar siyasa, da tsangayar shari'a, sai malami ɗaya da aka ɗora wa kula da shirin a kan aikinsa na koyarwa. Kowane sashe shi ke tsara jadawalinsa, shi ke yanke yawan kujerun ajinsa, shi ke gindaya sharuɗɗan shiga darasinsa, kuma duk yana yin haka ne da tunanin ɗalibansa na gida. Mai ƙaramin fanni baƙo ne a gidaje huɗu, idan lokutan darasi biyu suka yi karo babu ofishin da zai ce laifinsa ne.

Mun zauna da ita sau uku a kan tabarma a zauren gidansu, da takardu uku da ta buga a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwar Katako: tsarin shirin, da jadawalin darussa na shekara mai zuwa, da takardar sakamakonta. Lissafin farko ya fito da sauƙi har ya ruɗe mu. Ta riga ta sami kiredi 30, saura 60, wato darasi 20 a zango 4. Ni ne na yi kuskuren farko, na ƙirga darasin ilimin al'adun nan a babban fanni na kuma ƙirga shi a ƙarami, na ce ai ta sami rarar darasi guda. Ita ce ta nuna mini layin da ke cewa ba a ƙirga darasi ɗaya sau biyu a digiri guda. Da muka gyara, sai kiredi 27 suka tafi babban fanni, 3 suka tafi ƙarami, ya rage mata darasi 11 na ilimin ƙasa da 9 na ƙaramin fanni, daidai 20, babu gurbin faɗuwa ko da darasi ɗaya.

A zama na biyu ne muka gano abin da ya fi tsanani. A jami'arta ba a shiga ƙaramin fanni ta hanyar zaɓar darussansa kawai, sai an cika takardar neman shiga kamar sabon ɗalibi, an biya kuɗin dosiye, an jira amsa, kuma wa'adin neman shiga na zangon kaka ya wuce tun farkon shekara, lokacin da take fama da sanyi da jarrabawa ba ta ma yanke shawara ba. Abin da ya rage shi ne ta nema kafin farkon Nuwamba ta shiga a watan Janairu. Da a ce darussan duka sakakku ne, da sai ta cika zangon kaka da ilimin ƙasa ta jira. Amma da muka fara bin tsarin daga ƙarshe zuwa farko, muka ga sarƙa ce. Taron nazari na kammalawa, wanda wajibi ne, a zangon hunturu na ƙarshe kaɗai ake yin sa, kuma ba a shiga sai an ci darasin tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa. Wannan darasin a zangon kaka kaɗai ake bayarwa, kuma ba a shiga shi sai an ci darasin share fage na tattalin arziki. Darasin share fagen ana ba da shi a hunturu ma, sai dai a wannan shekarar ya faɗo rana ɗaya, awa ɗaya, da wani darasin ilimin ƙasa na wajibi. Idan ba ta ɗauke shi a kakar da ke tafe ba, sarƙar ta zarce da shekara guda. Ga shi kuma a wannan kakar ba ta da wani matsayi a shirin da zai ba ta hurumin ɗaukarsa.

A ganina wannan shi ne wurin da ya kamata a fi lura da shi a cikin lamarin gaba ɗaya. Ɗalibi yakan duba jerin darussan ƙaramin fanni ya ga sunaye masu ban sha'awa, ya ƙirga kiredi ya ga sun cika, ya ɗauka magana ta ƙare, alhali abin da ke yanke hukunci yana cikin ƙananan rubuce-rubucen da ke ƙarƙashin kowane darasi: a wane zango ake ba da shi, me ake buƙata kafinsa, kuma an keɓe kujerunsa ga ƴan wani sashe ko a'a. Tun ran gini ran zane, kuma ran ginin a nan shi ne zangon farko na shekarar farko, ba hutun da ya biyo bayanta ba.

Ta rubuta wa ofishin sashen ilimin ƙasa, suka ce maganar mai kula da ƙaramin fanni ce. Ta rubuta masa, amsa ta ɗauki kwana goma domin Yuli lokacin hutun ma'aikata ne a can, ya ce a nasa ɓangaren ba shi da matsala, zai ƙirga mata darasin idan ta shigo a Janairu, amma kujerar ajin a hannun sashen tattalin arziki take. Ba na ganin mugunta a cikin wannan kai da komo, kowa ya faɗi iyakar ikonsa ne. Abin da na ba ta shawara a kai shi ne kada ta yarda da alkawarin da ba a rubuce yake ba, kuma kowace wasiƙa ta sa lambarta ta ɗalibta da lambar darasin da sunan zangon, ta kuma ajiye amsar a wayarta da kuma a kan takarda.

Yayin da ake wannan ne kawunta ya shigo maganar, kuma shi ne ya kawo suka mafi nauyi. Ya yi karatun aikin gona a Jami'ar Abdou Moumouni, ya shafe shekaru a furoje daban-daban a cikin Adar, har da yankin Keita inda aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984, ya kuma sha zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata. Ya ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma shi abin da ya gani da idonsa shi ne idan aka baje dosiye a kan tebur, sunan digiri ake fara dubawa, sannan a tambayi abin da mutum ya iya yi da hannunsa. Wurare irin su cibiyar AGRHYMET mai nazarin aikin gona da ruwa da yanayi, wadda ke nan Yamai tun 1974, da ofisoshin da ke aiki da ita, masu iya sarrafa hoton tauraron ɗan adam da haɗa taswira a kwamfuta suke nema, kuma a konkur na aikin gwamnati ana rubuta fannin da ake so ƙarara. Wanda ya zo da rabin wannan da rabin wancan, in ji shi, yakan rasa layin da zai tsaya.

Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce: “Kawu, kai da kanka ka ba mu labarin madatsar da kuka gina ta yi kyau, amma gonakin bayanta suka zauna ba a noma su saboda ba a daidaita a kan masu su ba.” Ya yi dariya ya ce haka ne, amma wanda ya gina madatsar an biya shi albashinsa, wanda ya gano dalilin rashin noman kuwa baƙo ne da aka kira na wata uku. Ban ga wanda ya kayar da wani a cikinsu ba. Amfanin gardamar shi ne ta sa muka koma kan takarda muka duba ainihin abin da za ta rasa. A cikin kiredi 60 na babban fanni akwai rukunin zaɓi, sai muka zuba darussan taswirar kwamfuta da na hoton tauraro duka a ciki, yadda abin da kawunta ke tsoron ta rasa ya zauna. Abin da ya fita shi ne darasin fita daji na shekarar ƙarshe, da aikin bincike na kai, da wasu darussa biyu na yanayin ƙasa da ruwa. Mun kuma karanta sharuɗɗan shiga mastar ta ilimin ƙasa, muka ga cewa mai babban fanni ana iya karɓarsa amma a ɗora masa darussan cike gurbi. Kawun bai ce ya yarda ba, ya dai ce tun da taswirar na nan, sauran tsakaninta da mahaifinta ne.

Alhaji bai shiga maganar fanni ba ko kaɗan. Tambayarsa ɗaya ce, ko wannan sauyi zai ƙara kwanakin zamanta a can. Tambaya ce mai tushe, domin a Kebek kuɗin makaranta bisa kiredi ake biyansa, ɗalibin waje yana biyan ninkin na ɗan ƙasa sau da yawa, saboda haka darasin da aka ɗauka ba a ƙirga shi ba asara ce tsantsa. Ƙarin zango guda kuwa yana nufin ƙarin kuɗin haya da abinci da inshorar lafiya, da sabunta takardar amincewar lardin Kebek da izinin karatu na gwamnatin Kanada, waɗanda dukansu suna da ranar ƙarewa. Mutum ne da ya san yadda farashin buhun albasa ke faɗuwa lokacin girbinta ya tashi bayan watanni, ya kuma tsara biyan kuɗin shekara uku a kan wannan. Ya ce: “Ɗiyata, ki karanta abin da kika ga dama, amma shekara uku na yi alkawari, kuma Malam ne shaida.” Daga nan sharaɗin ya zama a fili: darasi 20, zango 4, ba ƙari.

Sashen tattalin arziki ya amsa a farkon Agusta cewa kujerun an keɓe su ga ɗalibansa har zuwa wata rana, bayan ta za a buɗe abin da ya saura ga kowa, da ƙarfe tara na safe agogon can, wato ƙarfe biyu na rana a Yamai, tunda a wannan lokacin na shekara tazarar awa 5 ce. Ranar hadari ya haɗu tun hantsi, wutar lantarki ta ɗauke a unguwar, kwamfutarta saura kaɗan ta mutu. Ƙanenta ya ɗauke ta a babur suka tafi shagon wani abokin Alhaji mai injin wuta, ta zauna a kan buhun shinkafa ta jona kwamfutar da intanet ɗin wayarta. Shafin ya ƙi karɓar darasin a karon farko saboda ba ya cikin shirinta, sai da ta zaɓi rukunin darasin da ke wajen shiri sannan ya shiga. Ta ɗauki hoton allon ta aiko mini kafin ruwa ya sauko. Da haka zangon kaka ya zama darasi 4 na ilimin ƙasa da 1 na tattalin arziki, ya rage 7 na ilimin ƙasa da 8 na ƙaramin fanni a zango uku na gaba.

Sauran labarin daga nesa na bi shi. Ta tura takardar neman shiga a Oktoba, aka karɓe ta a ƙaramin fannin daga Janairu. Da ta duba bayanan karatunta sai ta ga darasin ilimin al'adu ya koma inda ya dace, amma na tattalin arzikin yana nan a wajen shiri, ba a ƙirga shi a ko'ina ba, kuma malamin da ya yi mata alkawari ya miƙa aikin kula da shirin ga wata malama. Wasiƙar Yulin nan da ta ajiye ita ce ta raba gardama. Ta haɗa ta da takardar neman mayar da kiredi, aka gyara cikin mako biyu. Da ba don wasiƙar ba, da kiredi 3 da kuɗinsu sun salwanta, sarƙar kuma ta tsinke.

A shekara ta uku wani abin ya sake ɓullowa wanda babu lissafin da zai hango shi. Darasin dokokin mallakar ƙasa, wanda shi ne ya ja ta zuwa shirin tun farko, ba a ba da shi ba a wannan shekarar domin malaminsa ya tafi hutun bincike, tsangayar shari'a kuma ba ta ga buƙatar neman madadi ba tunda ba wajibi ne ga ɗalibanta ba. An ba ta izini a rubuce ta maye gurbinsa da wani darasin kimiyyar siyasa kan rikicin albarkatun ƙasa. Ta gaya mini cewa ta ji zafin wannan fiye da komai, ni ma ina ganin asara ce ta gaske, domin dokar filaye ba abin da ake tsinta a gefen wani darasi ba ne. Abin da ta yi shi ne ta mayar da aikinta na taron kammalawa kan dokar karkara ta 1993 da matsayin mai aron gona da ya farfaɗo da faƙo, ta karanta dokar da kanta, ta haɗa da taswirar da ta zana ta yankin Badagishiri, kawunta kuwa shi ne ya riƙa aika mata bayanin yadda kwamitocin filaye ke zama a ƙauyuka.

Ta kammala a watan Afrilu na shekara ta uku, kamar yadda aka yi alkawari. Da ta dawo Yamai ta kai takardunta neman a daidaita su da lisans, ma'aikacin da ya karɓi dosiyen ya juya takardar digirin ya tambaye ta wane fanni zai rubuta, domin takardar ta ambaci digiri amma ba ta ce na ilimin ƙasa ne zalla ba. Sai da ta koma ta kawo cikakkiyar takardar sakamako da bayanin tsarin shirin guda biyu, aka ƙirga darussan ilimin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, abin ya ci mata watanni. Jami'arta ta karɓe ta a mastar ta ilimin ƙasa da sharaɗin darasi biyu na cike gurbi, ɗaya daga cikinsu shi ne darasin fita dajin da muka cire a zauren Bukoki, kuma Alhaji ya ce wannan karon sai ta nemi bursu.